Amsoshin Tambayoyinku: Jihar Jojiya, daga Gonar Auduga zuwa Zinaren Atlanta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai sana'ar awo a kasuwar hatsi ta Kumo. Duk lokacin da muke hirar ƙwallo a gida, sai mahaifinmu ya ce mu yi shiru, ba mu ga komai ba tunda ba mu ga Atlanta 96 ba. Don Allah ina ne Atlanta ɗin nan, gari ne ko jiha? Ina son tarihin wurin ta fannin siyasa da tattalin arziki da wasanni.
Daga wani mai karatu, Kumo, jihar Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Baba yana da gaskiya, amma ka yi haƙuri sai mun bi hanya kafin mu isa filin ƙwallon.

Atlanta gari ne, shi ne babban birnin jihar Jojiya da ke kudu maso gabashin Amurka. Florida na kudu da ita, Alabama na yamma, tekun Atlantika kuma na gabas. Kada ka haɗa ta da ƙasar Jojiya mai iyaka da Rasha da Turkiyya, suna ne kawai ya zo ɗaya. Faɗin jihar ya kai murabba'in kilomita 154,000, wato ta ninka jihar Bauchi fiye da sau uku. A ƙidayar 2020 an samu mutum miliyan 10.7, kusan kashi ɗaya cikin uku baƙar fata ne. Ka riƙe wannan kashi ɗaya cikin ukun da kyau. Yadda aka kawo su, da aikin da aka sa su, da yadda suka ƙwaci ƙuri'arsu, shi ne zaren da ya ɗinke duk abubuwa ukun da ka tambaya.

Wani Baturen Ingila mai suna James Oglethorpe ne ya sauka da mutanensa a 1733 ya kafa garin Savannah a bakin kogi, aka sa wa yankin sunan Sarki George na Biyu. Ita ce auta a cikin yankuna 13 da Ingila ta mallaka a wannan gaɓa. Da farko an haramta bauta a cikinta, an kuma haramta barasa mai ƙarfi. Sai manoma suka hangi maƙwabtansu na South Carolina suna tara dukiya da shinkafar da bayi ke nomawa, suka yi ta ƙorafi har aka ɗage dokar a 1751. Daga nan jiragen ruwa suka fara sauke mutanen Afirka ta Yamma, da yawansu ma don sun fi iyayen gijinsu sanin noman shinkafa a fadama.

Akwai mutum ɗaya a cikinsu da nake so kowane ɗan Gombe ya sani. Sunansa Bilali Muhammad, daga Timbo ta Futa Jalon a ƙasar Gini ta yanzu, kuma an fi cewa Bafillace ne. Ya yi bauta a tsibirin Sapelo, inda ubangidansa Thomas Spalding ya ɗora shi a kan ɗaruruwan bayi. Bai bar sallah da azumi ba har ya rasu a wajajen 1857, ya bar rubutun hannu na Larabci mai shafi 13. Shekaru aka yi ana zaton labarin rayuwarsa ne ya rubuta. A ƙarshen shekarun 1930 wani ɗalibin Amurka mai nazarin harsuna, Joseph Greenberg, ya zo ƙasar Kano da hoton takardun ya nuna wa malamai, su ne suka gane cewa karatun fiƙihun Malikiyya ne irin na Risala, akwai batun alwala da kiran sallah a ciki. Ka ga mutum an raba shi da gida da dangi da littattafai, ya tsufa a wani tsibiri, amma abin da ya hardace a makarantar zaure yana nan a kansa. Takardun suna ajiye a ɗakin karatu na Jami'ar Jojiya.

Abin da ya mai da jihar gidan bauta na gaske shi ne auduga. Mu a nan ba sai an yi mana bayanin gurza ba, tunda har unguwar BCGA muke da ita a Gombe. Kafin 1793 mutum zai wuni yana cire angurya da hannu bai tara abin da ya wuce rabin kilo na tsabar auduga ba. A wannan shekara Eli Whitney ya ƙera injin gurza a wata gona kusa da Savannah. Inji ya sauƙaƙa gurza, amma bai iya shuka ba, bai iya tsinka ba, don haka sai buƙatar hannu da ƙasa ta ninka. Hannun na bayi ne. Ƙasar kuwa ta asalin mutanen wurin ce, ƙabilun Creek da Cherokee. Da aka gano zinare a yankin Dahlonega a wajajen 1829, sai zancen ya ƙare: a 1838 sojoji suka tasa ƙeyar Cherokee zuwa can yamma, inda ake kira Oklahoma yanzu, dubbai suka mutu a hanya. Zuwa 1860 bayi a Jojiya sun haura 460,000, wato kashi 44 cikin 100 na jama'ar jihar.

Saboda wannan dukiya ce jihar ta ɓalle daga tarayyar Amurka a watan Janairun 1861, ta shiga yaƙin basasa a ɓangaren Kudu. A 1864 Janar William Sherman ya ci Atlanta, aka ƙone babban ɓangaren garin, sannan ya ratsa da rundunarsa har Savannah yana tumɓuke layin dogo, yana kwashe rumbuna. Yaƙi ya ƙare a 1865, bauta ta faɗi. Baƙar fata suka yi zaɓe, har mutum 33 daga cikinsu suka shiga majalisar jiha a 1868, amma a shekarar aka taru aka kori mafi yawansu saboda launin fatarsu kawai. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa Jojiya ce ta ƙarshe da aka mayar cikin tarayya, a 1870.

Abin da ya biyo baya kusan shekara 90 ne na dabaru. An sa harajin ƙuri'a, an sa jarrabawar karatu kafin rajista, an ce zaɓen fid da gwani na jam'iyyar Democrat na farar fata ne zalla, alhali duk wanda ya ci fid da gwanin ya riga ya ci zaɓe. Tsohon bawa ya koma noma a gonar tsohon ubangida a raba amfani, bashin kanti kuma ya cinye rabonsa kafin kaka. Wanda ya ɗaga kai, a rataye shi ba shari'a. Akwai kuma tsarin da aka kafa a 1917 wanda ake ƙirga ƙuri'a gunduma-gunduma, ta yadda ƙananan gundumomin karkara uku za su yi daidai da gundumar da Atlanta take ciki duk da ɗimbin jama'arta. Sai a farkon shekarun 1960 kotu ta rusa shi. In kana zaton mu kaɗai muka iya rikicin kujera, to a 1947 mutum uku ne kowa ke cewa shi ne gwamnan Jojiya. Eugene Talmadge ya ci zaɓe ya mutu kafin rantsuwa, majalisa ta naɗa ɗansa Herman, mataimakin gwamna mai jiran gado Melvin Thompson ya ce nasa ne, gwamna mai barin gado Ellis Arnall ya ƙi fita, har aka canza makullan ofis. Kotun ƙolin jihar ce ta ba Thompson.

A cikin wannan hali aka haifi Martin Luther King a Atlanta ranar 15 ga Janairu, 1929, ɗan limamin cocin Ebenezer. Gwagwarmayarsa ta kai ga dokar haƙƙin ɗan ƙasa ta 1964 da ta ƙuri'a ta 1965. Ya ma zo Legas a watan Nuwamban 1960 wajen rantsar da Dakta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna-Janar. Da ya samu kyautar Nobel a 1964, aka shirya masa liyafa a garinsu, manyan attajirai farar fata suka ƙi sayen tikiti, sai da shugabannin kamfanin Coca-Cola suka nuna musu cewa kamfanin da ke sayar da kaya a duk duniya ba zai zauna a garin da ke wulaƙanta irin wannan mutum ba. Nan da nan tikiti ya ƙare. Ni a ganina ba tsoron Allah ne ya motsa su ba, lissafin kasuwa ne. Amma lissafin ya yi amfani, don shi ya raba Atlanta da garuruwa irin su Birmingham ta Alabama, inda aka riƙa sakar wa masu zanga-zanga karnuka.

A 1973 aka zaɓi Maynard Jackson, baƙar fata na farko da ya zama magajin garin Atlanta. Abin da na fi yaba masa shi ne bai tsaya ga murnar hawa kujera ba. Da za a gina sabon ginin fasinjoji a filin jirgin saman garin, ya kafe cewa sai an ba kamfanonin baƙar fata da sauran tsiraru kashi 25 cikin 100 na kwangila, in ba haka ba ciyawa ta tsiro a wurin. Daga nan attajiran baƙar fata suka ƙaru a garin, kuma yau filin jirgin yana ɗauke da sunansa.

Ta fannin arziki, ƙwaro ne ya karya sarautar auduga. Wani ɗan ƙwaro mai huda ƙwallon auduga ya shigo jihar a 1915, amfanin da ya kai dila miliyan 2.8 a 1914 ya faɗo zuwa wajen 600,000 a 1923. Dubban baƙar fata suka tattara suka yi arewa, su Chicago da New York. Manoman da suka rage suka koma gyaɗa da kiwon kaji. Yau kusan rabin gyaɗar Amurka daga Jojiya take fitowa, kuma tana sahun gaba a kajin nama. Kai da kake awo ka san inda ribar take: mu mukan sayar da gyaɗa a buhu, su kuwa sai sun ɓare, sun soya, sun niƙa, sun zuba a kwalba da suna a jiki kafin ta bar hannunsu. Ko kamfanin jiragen sama na Delta daga wannan ƙwaron ya samo asali, don a 1925 aikinsa feshin gonakin auduga ne da ƙananan jirage a garin Macon. A 1941 ya mai da hedikwatarsa Atlanta, tun 2007 kuma yana tashi kai tsaye daga can zuwa Legas.

Atlanta kanta ba ta da teku, ba ta da babban kogin jirgi. A 1837 aka kafa ta a matsayin ƙarshen layin dogo, tun daga lokacin sana'arta ita ce mahaɗa: jirgin ƙasa, manyan tituna, sannan filin jirgin sama da ya daɗe yana fin kowanne a duniya yawan fasinja. Wani mai haɗa magunguna, John Pemberton, ya haɗa Coca-Cola a can a 1886. Ted Turner ya buɗe CNN a 1980. Hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC a can take tun 1946, don asalin aikinta yaƙi da zazzaɓin cizon sauro ne a kudancin ƙasar. Savannah na da tashar jiragen ruwa da ke cikin manya a Amurka, Kia da Hyundai na ƙera motoci a jihar, rangwamen harajin da aka yi a 2008 kuma ya jawo masu shirya fina-finai. Sai dai in ka bar Atlanta ka yi kudu cikin tsoffin gundumomin auduga, talauci na nan, asibitocin karkara da dama sun rufe.

Wasanni ma launin fata bai ƙyale su ba. Jackie Robinson, wanda ya karya shingen wariya a babbar gasar besbol a 1947, a garin Cairo na Jojiya aka haife shi. Lokacin da Hank Aaron na ƙungiyar Atlanta Braves ke dab da karya tarihin da Babe Ruth, tsohon gwarzon besbol farar fata, ya kafa, wasiƙun barazanar kisa ya riƙa samu, ya kuma karya shi ranar 8 ga Afrilu, 1974. Gasar golf ta Masters da ake yi a Augusta tun 1934, sai 1975 baƙar fata ya fara bugawa a cikinta, Tiger Woods ya cinye ta a 1997. Da aka hana Muhammad Ali dambe fiye da shekara uku saboda ya ƙi zuwa yaƙin Vietnam, a Atlanta ya dawo, don jihar ba ta da hukumar damben da za ta hana shi lasisi. Ranar 26 ga Oktoba, 1970 ya gama da Jerry Quarry a turmi na uku, gwamnan lokacin Lester Maddox kuwa ya ayyana ranar a matsayin ranar makoki. Bayan shekara 26 Alin ne dai, hannu na rawa saboda ciwo, ya kunna wutar buɗe gasar Olamfik a wannan gari.

To mun iso wurin Baba. An yi gasar daga 19 ga Yuli zuwa 4 ga Agusta, 1996, ƙasashe 197 suka halarta. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne 'yan ƙwallonmu ba su buga ko wasa ɗaya a cikin garin Atlanta ba. A Florida suka yi wasannin rukuni, suka ci Hungary da Japan, Brazil ta ci su ɗaya da nema. Suka fitar da Mexico a Alabama. Wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshen a garin Athens aka yi su, gabas da Atlanta, a filin Sanford na Jami'ar Jojiya, jami'ar nan da takardun Bilali ke ajiye.

Ranar 31 ga Yuli muka sake haɗuwa da Brazil mai su Bebeto da Ronaldo da Roberto Carlos. Aka tafi hutun rabin lokaci suna da uku muna da ɗaya. A gidan maƙwabcinmu a Jekadafari muka kalla, an fito da talabijin tsakar gida, kuma na shaida da idona rabin jama'a sun naɗe tabarmi sun tafi barci. Saura minti 12 Victor Ikpeba ya rama ɗaya. A minti na 90 Nwankwo Kanu ya ɗaga ƙwallo a gaban mai tsaron gida ya juya ya farke. A lokacin dokar ita ce duk wanda ya fara ci a ƙarin lokaci an tashi, minti huɗu da komawa Kanu ya sake zura ta. Waɗanda suka tafi barci ihun unguwa ne ya tashe su.

Ranar 3 ga Agusta sai Ajantina, a gaban 'yan kallo sama da 86,000. Claudio Lopez ya ci mu tun minti na uku, Celestine Babayaro ya rama da ka. Hernan Crespo ya ci da fenareti, Daniel Amokachi ya rama. Ana shirin tashi aka samu bugun tazara, 'yan bayan Ajantina suka ruga gaba don su kama mu da satar gida, tarkon bai kama ba, Emmanuel Amuneke ya buga ta shiga. Uku da biyu. Karo na farko ke nan da wata ƙasar Afirka ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Olamfik. Ka faɗa wa abokanka cewa Babayaro da Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal duk 'yan Kaduna ne. Kuma kwana ɗaya kafin nan Chioma Ajunwa, 'yar sanda, ta yi tsallen mita 7.12 ta ci zinare, don haka ita ce ta riga su. Lambobi shida Najeriya ta kwaso. Gasar ba ta rasa baƙin ciki ba, don an tayar da bam a dandalin shaƙatawa ranar 27 ga Yuli, ya yi sanadin mutuwar mutum biyu da raunata sama da 100. Yanzu Atlanta na da ƙungiyar ƙwallon ƙafa tata, Atlanta United, wadda ta ci kofin ƙasar a 2018, FIFA kuma ta ba garin wasanni takwas na gasar cin kofin duniya ta 2026. Ka gaida Baba.

TAMBAYA: Malam, gaskiya ne akwai shugaban Amurka manomin gyaɗa da ya taɓa zuwa Najeriya, kuma shi ya kawo maganin kurkunu?
Daga wata malamar firamare, Azare, jihar Bauchi.

AMSA: Malama, tambayarki ta faɗo daidai, don mutumin ɗan Jojiya ne. Jimmy Carter ke nan, an haife shi a ƙauyen Plains ranar 1 ga Oktoba, 1924, ya bar aikin sojan ruwa ya koma riƙe gona da siton gyaɗar gidansu bayan rasuwar mahaifinsa. Ya yi gwamnan jihar daga 1971 zuwa 1975, inda ya faɗa a jawabin rantsuwa cewa zamanin wariyar launin fata ya wuce, sannan ya yi shugaban ƙasa daga 1977 zuwa 1981. Ya zo Legas a 1978 zamanin Janar Obasanjo.

Amma kurkunu ba shi da magani na sha ko allura. Abin da cibiyar Carter da ke Atlanta ta sa a gaba tun 1986 shi ne raba mutane da gurɓataccen ruwa: a tace ruwan tafki da ƙyalle, a zuba maganin kashe ƙananan halittun da ke ɗauke da 'ya'yan tsutsar, a haƙa rijiyar burtsatse, a kuma hana mai ciwon tsoma ƙafa a inda ake ɗiban ruwan sha. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ciwon sama da 650,000 a Najeriya, mun fi kowace ƙasa. Janar Yakubu Gowon ya yi ta bin ƙauyuka a kan wannan aiki, ga kuma ma'aikatan lafiya da 'yan sa kai da ba a cika ambatarsu ba. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba mu shaida a 2013. Carter ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024 yana da shekara 100.

TAMBAYA: Me ya sa duk lokacin zaɓen Amurka sai mu ji gidajen rediyo suna ta maimaita sunan Jojiya?
Daga wani direba, tashar Muda Lawal, Bauchi.

AMSA: Ɗan'uwa, saboda manyan jam'iyyun ƙasar biyu, Democrat da Republican, sun yi kunnen doki a can ne, ga ta da wakilai 16 a cikin masu zaɓen shugaban ƙasa. Democrat ta riƙe kujerar gwamna daga 1872 har sai da Sonny Perdue na Republican ya ci a 2002, don bayan dokokin 1960 farar fatar karkara sun yi ta sauya sheƙa a hankali. Sai kuma Atlanta da kewayenta suka cika da baƙi, har da jikokin waɗanda suka yi hijira arewa da suka dawo, da 'yan Asiya da 'yan Latin Amurka da 'yan Afirka, su Stacey Abrams, 'yar siyasar Democrat baƙar fata, kuma suka duƙufa wajen yi wa mutane rajista.

A 2020 Joe Biden ya ci jihar da ratar ƙuri'a 11,779 cikin kusan miliyan biyar. Ranar 2 ga Janairu, 2021 Donald Trump ya buga wa sakataren jihar, Brad Raffensperger, waya yana neman a samo masa ƙuri'a 11,780. Mutumin ɗan jam'iyyarsa ne, amma ya ƙi. Akwai kuma dokar da ta ce a yawancin kujeru, in ba wanda ya haura rabin ƙuri'u sai an je zagaye na biyu. A irin wannan zagaye ne Raphael Warnock, limamin cocin nan na Ebenezer, ya zama sanata baƙar fata na farko daga jihar, tare da Jon Ossoff. A 2024 Trump ya karɓe ta da ratar sama da 100,000.

In kana sauraron sakamako, kada ka yanke hukunci da alƙaluman farkon dare. Jihar na da gundumomi 159, mafi yawansu ƙanana ne na karkara da ke gama ƙirga da wuri, kuma Republican suke yi. Ka jira Fulton da DeKalb da Gwinnett da Cobb, su ne Atlanta da kewayenta, kuma nasu kan ɗauki lokaci kafin ya kammala.